Takalmin Lawan a Ƙafar Buba

Jiya da hantsi wani saurayi ya tsayar da babur a gaban rumfata, nan bakin Ƙofar Ɗan Agundi, ya tuɓe takalminsa ya jefo mini. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Baba, ɗan shafa masa gam, sauri nake." Na juya takalmin na ga tafinsa ya rabu da fata tun daga yatsu har tsakiya. Na ce masa wannan sai ɗinki. Ya dubi abokinsa da ya goyo a babur ya yi dariya. "Ka ji shushaina da iyayi. Aikin da ko ni zan yi in an ba ni gam." Na shafa masa, tunda abin da ya nema ke nan, na kuma san kafin Juma'a zai dawo. Amma maganar tasa ce ta sa na ɗauki biro da hannun nan da bai daɗe da saba masa ba, don in gaya wa irinsa abin da na sani game da takalmi.

Aikin farko da aka ba ni a Dukawuya, a zauren Kawu Tanko ƙanin mahaifiyata, shi ne murza zare da kakin zuma. Na daɗe ina yi kafin ya bar ni na taɓa basilla, wato dogon tsinken da muke huda fata da shi. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Sule, zaren da bai sha kaki ba, ruwa zai sha." Shi ya koya mini cewa in an kawo takalmi, dunduniya ake fara dubawa. Inda ta cinye, nan mai shi yake jingina nauyinsa, kuma in ka gyara ba ka lura da wannan ba, ka gyara wa wani ne daban. Da takalman roba da na gwanjo suka cika kasuwa, dukanci ya ja baya, sai na shiga soja. Ranar da aka ce za a kai mu Saliyo, inda ake yaƙi, Kawu ya naɗe basilla biyu da wuƙa a tsumma ya cusa mini a jaka. Na ce bindiga za a ba ni. Ya ce, "Bindiga ta gwamnati ce. Wannan taka ce."

Sansaninmu wata tsohuwar makaranta ce a bakin kogi, rabin rufinta ya tafi. Gaba daji, baya daji. Ku da kuke ganin yaƙi a waya kuna zaton harbi ake yi dare da rana. Mafi yawan yaƙi jira ne. A yi asuba, a yi fareti, a sha ruwan shayi, waɗanda ke da sintiri su shiga daji, masu gadi su koma shinge, sauran su zauna. Zaman ne ba ya yiwuwa. Mutum ya ɗauki karta ya ajiye, ya kunna rediyo ya kashe, ya je bakin kogi ya dawo, ya kwance bindigar da ya goge ɗazu ya sake gogewa. In ganye ya motsa kowa ya ɗaga kai. Kullum da mai sabon labari: jirgin da zai kawo masu canjinmu ya taso, a'a bai taso ba, 'yan tawaye suna hayin kogi, a'a sun koma kan dutse. Abinci shinkafa da miyar ganyen rogo da manja, yau da gobe da jibi. Ruwan sama kuwa, wanda bai je ba ba zai gane ba. Daminarmu ta Kano baƙuwa ce, ta zo ta gaisa ta tafi. Tasu matar gida ce. Ka shanya riga ta kwana uku tana ɗiga, ka ajiye takalmi ka wayi gari ya yi funfuna kamar tsohon tuwo.

Takalmin Samanja Bitrus na fara gyarawa. Shi ne babba a kan ƙananan sojoji, mutumin kudancin Kaduna, mai murya kamar tsawa. Tafin takalminsa ya buɗe baki a tsakiyar fareti, kowa ya gani, ba wanda ya isa ya yi dariya. Na same shi a gefe na ce, "Ranka ya daɗe, ni baduku ne." Ya harare ni ya miƙo. Daga ranar aka rage mini gadi, aka ba ni lungu a bayan wani aji, sunana ya ɓace, kowa Baduku yake kirana.

Kayan aiki sai wanda na ƙirƙira. Tafi daga tayar wata mota da aka ƙone a bakin hanya nake yankowa, kuma yankan taya ba wasa ba ne, akwai waya a ciki da take cin wuƙa ta ci yatsa. Zare daga buhun shinkafa nake warewa, in murza shi da kyandir a madadin kakin zuma. Kwankon harsashin babbar bindiga na kifa a ƙasa, a kansa nake buga ƙusa. Fata kuwa duk inda na gani: kujerar mota, tsohuwar ɗamara, jakar da 'yan makaranta suka gudu suka bari. A gida man gyaɗa muke shafa wa fata don ta yi laushi. A can in ka shafa, ka gayyato kwarkwasa, tururuwan dajin nan masu tafiya a jere, su cinye man su haɗa da ƙafar mai takalmi. Sai baƙin man inji. Gam kuma, wanda saurayin jiya yake taƙama da shi, ko awa ɗaya ba ya yi a cikin wannan laka. Tunda ban iya karanta lambobin boko da ake rubuta wa kowa ba, sai na riƙa yi wa kowane takalmi alama da zare a ciki, wannan gicciye, wancan ƙafar kaza, ban taɓa haɗa na wani da na wani ba.

Mutum biyu ne a rundunarmu da sito ba shi da takalmin da ya yi musu, saboda girman ƙafa. Ɗaya Lawan, ɗan Mandawari, mai barkwanci. Ɗaya Kofur Buba, Bafulatanin da iyayensa suka daɗe da zama a gefen Kano, mutum mai shiru, mai tsantseni, wanda ko lemo ya faɗo daga bishiyar da ba a san mai ita ba ba ya ɗauka. Kullum suna tsokanar juna.

"Kofur, in gadar nan ta karye, ƙafarka za mu hau mu ƙetare," in ji Lawan.

"Taka ai har motar ruwa za ta ɗauka," in ji Buba.

Lawan ya huta, domin kafin mu taso mahaifinsa ya zaga kasuwa ya samo masa takalmin soja na gwanjo, mai kaurin fata, daidai ƙafarsa. A cikin harshen na dama, wato fatar da igiya take kwanciya a kai, tsohon ya rubuta "Lawan" da ajami don kada a sace. Na yi makarantar allo, na gane wannan. Da ruwa ya fara wanke tawadar, sai na bi rubutun da jan zare, baƙi bayan baƙi, yadda hannun tsohon ya ja shi. Buba kuwa na sito ya karɓa, wanda ya matse shi. Na tsaga gaban na ƙara fata, na sake tsagawa na sake ƙarawa, har ya zama babu inda basilla za ta kama.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda aka tare hanyar da ake kawo mana kaya. Ba sabon takalmi, ba safa, magani sai kaɗan. A cikinta zazzaɓi ya kama Lawan. Ranar Talata ya kawo mini takalminsa in gyara dunduniya, yana cewa kansa na sarawa, kafin wata Talatar mun yi masa sallah a bayan makaranta. Samanja ya haɗa kayansa a jaka aka tafi da ita da jirgi mai saukar ungulu da ya zo ɗaukar marasa lafiya. Takalmin yana lunguna, ba wanda ya tuna da shi sai da jirgi ya tashi.

A lokacin ƙafar Buba ta hagu ta riga ta lalace. Laka tana shiga ta inda ɗinki ya saki, ƙusa tana sukarsa, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage, gefen tafin ya zama gyambo. In ya cire tsumman da yake naɗewa, sai na kusa da shi su matsa. Ma'aikacin jinyarmu ya duba ya ce a gabana, "Kofur, in ka ci gaba da shiga ruwa da wannan abin, ƙafar nan yanke ta za a yi." Hutu kuma babu, don mutane sun yi ƙaranci, duk mai iya tsayuwa yana fita sintiri.

Na ɗauko takalmin Lawan na ajiye a gabansa. Ya kalle shi, ya kawar da kai.

"Baduku, mayar."

"Daidai ƙafarka ne."

"Na sani. Da na gwamnati ne da na sa. Wannan ubansa ne ya saya masa, nasa ne na kansa. Yanzu na magada ne. Wa ya ba ni?"

Na kai maganar ga Samanja. Ya zo da kansa yana huci. "Kofur Buba! Kai soja ne ko alƙali? Mutum ya mutu, takalmi yana nan, ƙafarka tana ruɓewa. Sa shi, oda ce!"

Buba ya miƙe ya ƙame a kan ƙafa ɗaya da rabi. "Ranka ya daɗe, a hore ni. Amma ranar da za a tambaye ni, ba ka wurin."

Samanja ya yi tsaki. Ya juyo kaina. "Baduku, ku mutanen Kano ku kuka san kanku. Ka san yadda za ka yi da shi."

Wanda yake ja mana sallah ma ya yi masa magana, ya ce lalura tana halatta abin da ya fi wannan, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Buba ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ci gaba da fita da ragowar nasa, na ɗaure masa da waya. In ya dawo sai ya zauna a lunguna, ya tashi, ya je ƙofa, ya dawo, yana satar kallon inda na rataye takalmin. Ni ma na kasa zama. In na ɗauki aikin wani sai in ga ina lissafin yatsun Buba.

Wata rana da la'asar ya dawo yana jan ƙafar, jini ya ɓata tsumman. Na ce masa, "Kofur, a Dukawuya in mutum ya bar kaya a hannun baduku, amana ce, dole a mayar wa masu shi. Ni zan mayar da wannan Mandawari in Allah ya kai mu. Amma ka ga yadda funfuna take cin fata a nan. In ya ci gaba da rataya, ƙasa zan kai musu. Takalmi sai ana sawa ana shafa masa mai yake rayuwa. Ka are shi. Ni kuma in riƙe shi da gyara har mu kai."

Ya dubi inda takalmin yake rataye. Can ya ce, "Aro?"

"Aro."

"Da hannuna zan miƙa wa uban. In ya ce bai yafe ba, in san abin da zan yi. Kuma ka rantse ba za ka bari ya mutu a ƙafata ba."

Na ce ba na rantsuwa a kan fata, amma zan yi iyakar yina. Ya wanke ƙafa, aka sa magani, ya yi bisimilla ya zura.

Da an canje mu a lokacin da aka faɗa, da magana ta ƙare nan. Amma aka ce bayan sallah, sallah ta wuce. Aka ce in ruwa ya ɗauke, ruwa ya ɗauke ya dawo. Mu muna nan, takalmi yana tafiya. Tafin ya fara cinyewa, na cire na sa taya. Ƙarfen wata gada ya yage gefen na hagu, na yanko kujerar mota na dasa. Wuyan ya ruɓe saboda gumi, na canza da ɗamara. Ramukan igiya suka zazzage, na yi sababbi, igiyar ma ta koma wayar tarho. Kowane gyara sai na auna ƙafar da take warkewa, in bar wa gyambon wuri, in sa auduga daga tsohuwar katifa. Ɗinki biyu nake yi, ɗaya ciki ɗaya waje, yadda in laka ta ci na waje na ciki zai riƙe har ya dawo sansani. Wannan shi ne aikin da ake ce wa shafa gam.

Ƙafa tana warkewa, hankalin Buba yana tashi. Duk sanda na ɗauki wuƙa sai ya tsaya a kaina.

"Wannan ma cirewa za ka yi?"

"Ya mutu, Kofur."

"To me zan kai wa mutane? Na ari abu, ina cinye shi kaɗan kaɗan."

"In bar shi ruwa ya shiga?"

Sai ya fita, ya zaga makaranta, ya dawo ya ce in yanka. Har ya fara tara guntayen da nake cirewa a leda, amma suka yi wari da tsutsa, Samanja ya sa aka zubar. Sojoji suka samu abin tsokana. In ya wuce sai su ce, "Kofur, yau saura kashi nawa na Lawan?" Ba ya tankawa.

Ranar da jirgin ya zo da gaske ba wanda ya yarda sai da muka hau. Buba ya taka matakalar da ƙafafunsa biyu, farce ɗaya kawai ya rasa.

Bayan mun huta kwana kaɗan a Kano, ya zo ya same ni. Ya wanke takalmin, ya goge, ya naɗe a sabon yadi, shi kuma yana sanye da silifa. Muka shiga lungunan Mandawari muna tambaya har aka nuna mana zauren Malam Inuwa, mahaifin Lawan. Tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzu. Muka gaisa, muka yi ta'aziyya, aka yi addu'a. Sannan Buba ya durƙusa ya kwance yadin, ya faɗi yadda aka yi tun daga farko, bai rage komai ba. Ya ƙare da cewa, "Baba, na sa ba da izininku ba. Ga shi na kawo. Abin da kuka yanke shi ne."

Malam Inuwa ya jawo takalmin. Ya juya tafin ya ga zanen taya. Ya shafa gefen, baƙi a nan, ja a can. Ya ja wayar tarho.

"Yaro, wannan ba shi ne na saya ba."

Buba ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Baba, a duba cikin na dama."

Ya sassauta wayar, ya zaro harshen, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana bin jan zaren da ɗan yatsa.

"Hannuna ne," ya ce. "Sunansa na yanka Muhammadu. Ba a sa wannan suna a takalmi, shi ya sa na rubuta Lawan. Wa ya bi shi da zare?"

Na ce ni ne.

"Ɗan gidan wa?"

"Tanko na Dukawuya kawuna ne."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi da takalmin ya shiga cikin gida. Muka zauna. Buba ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya dubi ƙofa, ya dube ni, kamar muna can bakin kogi muna jiran jirgi. Da tsohon ya fito, idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta canza ba.

"Bai yi aure ba, ni da mahaifiyarsa ne magadansa. Ta ce ta yafe nata. Baduku, kana da wuƙa?"

Baduku ba ya fita babu wuƙa. Ya ce in cire masa harshen, kada in taɓa zaren. Na farke ɗinkin a hankali na miƙa masa. Ya ninke ya sa a aljihun gaba. Sannan ya tura takalmin gaban Buba.

"Wannan shi ne nawa, na karɓa. Sauran ban san shi ba. Tsakaninka ne da mai ɗinki. Sa in gani."

Buba ya yi jinkiri.

"Sa mana. Ko sai na kira samanjan naku?"

Ya zura, ya ɗaure, ya taka daga wannan bango zuwa wancan. Tsohon ya karkata kai yana saurare.

"Tafiyarku ba ɗaya ba ce," ya ce. "Shi yana jan dunduniya, tun yana yaro nake masa faɗa. Allah ya sa ka kashe shi da lafiya."

Muka yi sallama muka fito. Buba yana gaba ina biye, silifansa a hannu, yana tafiya da sauri kamar wanda aka sauke wa buhu. Ni kuwa idona yana ƙasa. Dunduniyar hagu ta fara cinyewa ta waje, na dama kuma ga ƙafa tana leƙowa ta inda na cire fata, hadari kuma ya haɗo ta gabas.

Na ce, "Kofur, gobe da safe ka biyo ta Dukawuya. In ruwan nan ya sauko, ta nan zai shiga."